Agajin Ƙasashen Waje Da Cinikin Maƙwabta: Na'ura Ta Iso Kan Iyaka, Saura Hanya

A ran 23 ga watan Oktoba na shekara ta 2018 ne shugaban Nijeriya na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, da takwaransa na Jumhuriyar Benin, Patrice Talon, suka haɗu a Seme-Krake domin buɗe tashar kan iyaka ta haɗin gwiwa, wadda Tarayyar Turai ta biya sama da yuro miliyan 18 wajen gina ta, ta hannun Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. Manufar ginin ita ce jami'an kwastan da na shige da fice da na duba lafiyar tsirrai da dabbobi na ƙasashen biyu su zauna a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta yadda motar da ta taso daga Legas za ta tsaya sau ɗaya kawai a bincike ta, sa'an nan ta wuce Kwatano. Wata goma bayan wannan biki, a cikin watan Agusta na 2019, sai gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasar nan na tudu saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba kuwa a sake buɗe Seme ba sai ran 16 ga watan Disamba na 2020, tare da Illela da Maigatari da Mfum. Wata goma sha shida ke nan sabon gini yana tsaye, manyan motoci kuma suna jere a bakin ƙofarsa da kayan da wasunsu suka ruɓe a nan.

Abin da ya faru a Seme shi ne taƙaitaccen tarihin agajin da ƙasashen ƙetare suke bayarwa domin bunƙasa ciniki tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta. Kuɗi suna zuwa, ana gini, ana girke na'urori, ana horar da ma'aikata, amma amfanin da ɗan kasuwa zai samu ya rataya ne a kan shawarwarin da ba mai ba da agaji ne yake yanke su ba. A 'yan shekarun nan kuwa agajin ya ɗauki sabon salo, inda masu bayarwa suka fi mai da hankali a kan abubuwa biyu: mai da takardun fito cikin kwamfuta, da kuma rage ɓarnar da sufuri da noma suke yi wa muhalli. Duk ɗan kasuwar da ke aika kaya Kwatano ko Lome ko Akra ko Yamai ya kamata ya san inda aka kwana a kan waɗannan abubuwa biyu, domin dukansu za su taɓa aljihunsa.

Hanyar da ake magana a kanta ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake suke tafiya Gwanja ɗauko goro a ƙarƙashin jagorancin madugai, kuma da jirgin ruwa ya samu sai cinikin ya koma ta bakin teku, daga Akra zuwa Legas, hanyar da Alhaji Alhassan Dantata ya bi ya kafa arzikinsa a farkon ƙarni na 20. Jikokin waɗannan fatake ne a yau suke lodin albasa da wake da tattasai da shanu daga Sakkwato da Kebbi da kasuwar Dawanau zuwa Mile 12 da Agege, wasu kuma su zarce da su kasuwar Dantokpa ta Kwatano da kasuwannin Gana. Alƙaluman hukuma suna nuna cewa cinikin da ƙasashen ECOWAS suke yi a tsakaninsu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan cinikinsu na waje ba, amma kowa ya san alƙaluman ba su ƙirga buhun da ya ƙetare iyaka a kan babur ko a cikin kwalekwale. Wani bincike da cibiyar nazarin yankin Sahel ta ƙungiyar OECD ta fitar a 2025 ya ƙiyasta cinikin abinci kaɗai tsakanin ƙasashen yankin a kan dalar Amurka miliyan dubu 10 a shekara, watau kusan ninki shida na abin da ke rubuce a littattafan kwastan.

Batun sanya kwamfuta a aikin kwastan ma ba sabo ba ne, hasali ma a wannan yanki aka haife shi. A cikin 1981 ne ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a ran 28 ga watan Mayu na 1975, ta roƙi Hukumar Ciniki da Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, da ta taimaka mata wajen tattara alƙaluman cinikin ƙasashenta. Daga wannan roƙo ne aka ƙirƙiro tsarin nan da ake kira ASYCUDA, wanda ƙasashe masu magana da Faransanci suke ce wa SYDONIA, wanda kuma a yau ƙasashe da yankuna kusan 100 suke aiki da shi a duniya. Abin mamaki shi ne, yankin da ya jawo ƙirƙiro tsarin ya yi kusan shekara arba'in kafin kwamfutocin hukumomin kwastan ɗinsa su fara magana da juna. Kowace ƙasa ta girke nata, ta rufe ƙofa a kansa. Nijeriya ta yi aiki da ASYCUDA, ta koma tsarin NICIS, sa'an nan a ƙarshen 2024 ta fara gwada nata na gida mai suna B'Odogwu a wata tashar jiragen ruwa ta Legas. Gana kuwa tun 2020 take aiki da wani tsari dabam mai suna ICUMS, wanda aka gina a kan fasahar Koriya ta Kudu.

Inda wannan rarrabuwa ta fi yin ciwo shi ne a kan kayan ratse, watau kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa alhali kuwa wata ƙasar ce za su je, kamar kayan Nijar da ake saukewa a Kwatano ko Lome. Tun a 1982 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Kwatano a kan yarjejeniyar da ta tanadi cewa irin waɗannan kaya za su yi tafiya da takarda ɗaya da lamuni ɗaya daga inda aka yi lodi har inda za a sauke. Ba a taɓa aiwatar da ita yadda aka rubuta ba. Abin da aka saba gani shi ne, a kowace iyaka sai dillalin fito ya sake cika sabuwar takarda, a sake biyan kuɗin lamuni, a sake buɗe mota, wani lokaci a haɗa ta da jami'in rakiya wanda mai kaya ne zai ɗauki nauyinsa. Hukumomin kwastan suna da hujjarsu, domin kayan da aka ce na ratse ne sau da yawa sukan ɓace a hanya su bayyana a kasuwar ƙasar da ba a biya mata kuɗin fito ba. Rashin yarda ne tushen yawan takardun, ɗan kasuwa na gaskiya kuma shi ne yake biyan bashin ɗan sumoga.

Maganin da ECOWAS ta kawo shi ne tsarin SIGMAT, wanda aka ƙaddamar a 2019, aka kuma fara aiki da shi tsakanin Kwaddebuwa da Burkina Faso, kafin Togo da Benin da Nijar su biyo baya. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Da zarar an shigar da bayanin kaya a ofishin kwastan na inda mota ta taso, sai bayanin ya isa ofishin kan iyaka da ofishin inda za a sauke tun motar ba ta bar gari ba: lambar mota, sunan mai kaya, irin kayan, nauyinsu, lambar hatimin da aka ɗaure su da shi, da kwanakin da aka ba direba ya isa. Jami'in kan iyaka ba shi da bukatar sabuwar takarda, aikinsa ya duba hatimi ya tabbatar da isowar mota a cikin na'ura. Idan an sauke kaya, ofishin ƙarshe ya aika da saƙo baya, a saki lamunin mai kaya. Idan kuwa mota ba ta isa ba, ƙasashen biyu za su sani a rana ɗaya. Nijeriya, wadda ita ce babbar kasuwar yankin, ba ta haɗa na'urarta da ta Benin a kan wannan tsari ba sai a cikin watan Mayu na 2025, a wani biki da shugaban hukumar kwastan ta ƙasa, Bashir Adewale Adeniyi, ya halarta a wancan ginin na Seme-Krake.

Wa ya biya kuɗin duk wannan? Mafi yawansa masu ba da agaji ne. Wani babban shiri na sauƙaƙa ciniki a Afirka ta Yamma da aka fara a 2018, mai kuɗi kimanin dala miliyan 75, ya samu gudummawa daga Tarayyar Turai da Amurka da Holan da Jamus, Bankin Duniya da hukumar GIZ ta Jamus kuma suka gudanar da shi tare da ECOWAS da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa. Shirin ya zaɓi manyan hanyoyi shida, daga ciki har da hanyar Legas zuwa Kano zuwa Yamai, da ta Kwatano zuwa Yamai. Har ila yau a ƙarshen 2024 aka ƙaddamar a Legas da takardar shaidar asalin kaya ta kwamfuta, inda aka fara gwaji da Nijeriya da Gana da Kwaddebuwa da Senegal. Wannan takarda ita ce mabuɗin shigar da kayan masana'anta wata ƙasar ECOWAS ba tare da biyan kuɗin fito ba, kuma ita ce aka fi yin jabunta, abin da ya sa jami'an kwastan suka saba riƙe mota kwana da kwanaki suna jiran tabbaci daga ƙasar da ta bayar.

Ta fuskar biyan kuɗi ma an taɓa wani abu. Kafin yanzu ɗan kasuwar Legas da ke son biyan abokin cinikinsa na Akra ta banki sai ya nemi dala, kuɗin su bi ta wani banki a Amurka ko Turai, su dawo a canja su zuwa sidi, kowane mataki da ladansa. Tsarin PAPSS, wanda Bankin Shigo da Fitar da Kaya na Afirka, Afreximbank, ya ƙaddamar a Akra a cikin watan Janairu na 2022, an yi shi ne domin mai saye ya biya da Naira, mai sayarwa ya karɓa da sidi, manyan bankunan ƙasashen kuma su daidaita lissafi a tsakaninsu. Bankin ya ƙiyasta cewa Afirka tana asarar kimanin dala miliyan dubu 5 a shekara wajen irin wancan zagaye. A cikin watan Afrilu na 2025 Babban Bankin Nijeriya ya rage takardun da ake nema daga masu ƙaramin ciniki ta wannan hanya, har zuwa dala 2,000 ga mutum ɗaya da dala 5,000 ga kamfani. Sai dai ƙasashe shida da aka fara gwajin da su, watau Nijeriya da Gana da Gambiya da Gini da Laberiya da Saliyo, babu ko ɗaya a cikinsu da ta yi iyaka da Nijeriya. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk sefa suke kashewa, shi ya sa ɗan canjin da ke zaune a kan benci a Seme ko Illela bai ji wani girgiza a kasuwarsa ba.

Ɓangare na biyu na sabon salon agajin, watau kare muhalli, shi ne wanda 'yan kasuwa da yawa suke ɗauka kamar zancen Turawa ne kawai. Akwai gaskiya a zargin, amma ba duka ba. Motar da ta yi kwana huɗu a layin kan iyaka tana ƙona man dizal a banza, albasar da ke cikinta tana tsiro, tumatir yana narkewa, kuma duk buhun da ya lalace asarar ruwa ce da taki da gumin manomi. Saboda haka rage jinkiri a kan iyaka shi kansa kare muhalli ne, ribarsa kuma ta mai kaya ce kai tsaye.

Akwai kuma ƙa'idojin da suka shafi mota da mai. A cikin 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda wasu kamfanonin Turai suke haɗa man dizal mai yawan sinadarin farar wuta, wanda doka ta hana sayarwa a can, su kawo shi Afirka ta Yamma. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddebuwa suka amince a Abuja cewa za su daina karɓar irin wannan mai. Daga baya, a watan Fabrairu na 2020, ministocin ECOWAS suka zauna a Wagadugu da taimakon Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tsai da cewa farar wutar da ke cikin man da ake shigowa da shi kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan ɗaya, suka kuma sa iyakar shekarun motocin da za a shigo da su: shekara 5 ga ƙananan motoci, shekara 10 ga manya. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Badagry na rabin sa'a ya san nisan da ke tsakanin wannan ƙa'ida da tirelolin da ke bin hanyar. Haka nan dokar nauyin kaya, wadda ta ƙayyade tan 11 da rabi a kan aksul guda, Tarayyar Turai ta daɗe tana matsa lamba a kanta saboda ita ta biya kuɗin da yawa daga cikin titunan da lodi fiye da kima yake farfasawa. Masu motoci kuwa suna cewa da kuɗin hayar da ake biyansu, da abin da suke zubarwa a shingaye, in ba su yi lodi ya wuce ƙa'ida ba ba za su fita ba. Hujjar tasu ba ta wanke su ba, amma ta nuna cewa dokar sikeli ba za ta zauna ba muddin shingayen suna nan.

A kan shingayen nan ne kuwa na'ura ta gaza. Tsakanin Mile 2 da Seme bai kai kilomita 100 ba, amma direban da ya bi hanyar da dare zai tsaya a gaban jami'an hukumomi iri-iri, kowanne da fitilarsa da katakonsa mai ƙusa, babu kuma ko ɗaya daga cikinsu da ke duba kwamfuta. Ƙasashe masu amfani da sefa sun amince tun 2005 a taƙaita binciken manyan motoci zuwa wurare uku, watau mafari da kan iyaka da masauki. An kafa ofisoshin ƙirga shingaye da cin hanci da kuɗin agajin Amurka, an kuma kafa ƙungiyar 'yan kasuwa ta Borderless Alliance a Akra domin ta riƙa kai kuka. Rahotanni sun fito, an rage shingaye bayan kowane taro, sun sake tsirowa bayan 'yan makonni. Lokacin da SIGMAT ya rage wa mota a kan iyaka yana iya komawa a hanya kafin a kai Agbara.

Abin da ya fi ƙarfi a batun muhalli ba agaji ba ne, sharaɗi ne na shiga kasuwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta hana sayar da koko da gahawa da manja da roba da waken soya da katako da shanu da fatunsu a kasuwarta idan an samo su daga filin da aka sare daji bayan ran 31 ga watan Disamba na 2020, kuma dole mai shigar da kaya ya gabatar da lambobin taswirar gonar da aka noma su. An ɗage ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma ba a soke ta ba. Manoman koko na Ondo da Osun da Kuros Riba su ne a kan gaba wajen jin zafinta, kuma kokon da ke ƙetare iyaka a ɓoye tsakanin Kamaru da Nijeriya ko tsakanin Gana da maƙwabtanta ba shi da gonar da za a nuna. Masu jima na Kano sun ɗan tsira, tun da yawancin fatun da suke fitarwa na awaki ne da tumaki, waɗanda ba sa cikin jerin. Sa'an nan ga harajin hayaƙi da Turai ta fara gwadawa a watan Oktoba na 2023 a kan siminti da ƙarfe da sanholo da takin zamani. Wanda ke ganin irin waɗannan dokoki barazana ce ta baki kawai sai ya tuna da wake, wanda Turai ta hana shigar da shi daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu, hanin da aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru. A nan ne abubuwan biyu suka haɗu, domin babu yadda za a tabbatar da asalin buhu da tsabtarsa sai da rajista da takardun kwamfuta.

Ana iya cewa Turai tana ba da agaji da hannun dama domin a cika sharuɗɗan da ta gindaya da hannun hagu, kuma ba a yi ƙarya ba. Shirinta na Global Gateway, wanda aka sanar a ƙarshen 2021, ya yi alƙawarin tara yuro miliyan dubu 150 domin Afirka, amma mafi yawan wannan adadi rance ne da lamuni da jarin kamfanoni, ba kyauta ba. Duk da haka ɗan kasuwa ba ya zaɓen dokar kasuwar da yake son shiga. Wanda ya riga ya yi rajistar manomansa shi zai sayar, wanda ya tsaya jayayya kuma ya sayar wa wancan a farashi mai rauni.

Wutar lantarki ma ta shiga lissafin cinikin maƙwabta, ta kuma ba da darasi irin na Seme. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai sun zuba kuɗi a babban layin wuta mai tsawon kimanin kilomita 875 da aka tsara ya tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin, aka kuma yi bikin fara aikin a farkon 2022. A ran 26 ga watan Yuli na 2023 soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Nijar kuwa ta ci gaba da rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil har bayan an ɗage takunkumin, ta karkatar da kayanta ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari, tashar haɗin gwiwa da aka gina a Malanbil da kuɗin Turai kuma ta zauna babu aiki. A ran 29 ga watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayansu bisa tsohon tsari har sai an sake sanarwa, amma ɗan kasuwa ba ya gina sito a kan irin wannan alƙawari. Biyar daga cikin hanyoyi shida na wancan shiri na dala miliyan 75, da ma ta shidan, duk suna ƙarewa ne a manyan biranen waɗannan ƙasashe uku.

Daɗin daɗawa, rijiyar agajin kanta tana ja baya. A cikin 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin cibiyoyin bunƙasa ciniki a yankin. Ingila ta sanar a watan Fabrairu na wannan shekara cewa za ta rage agajinta zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa daga 2027, Holan ma ta sanar da nata ragin. Na'ura kuwa ba gini ba ce da za a bari ta tsaya da kanta. Tana son wuta dare da rana a Seme da Idiroko da Jibiya da Kamba, tana son layin sadarwa, da masu gyara, da sabunta lasisi. Idan mai agaji ya janye, ko dai gwamnati ta biya daga baitulmali, ko a ɗora wa kaya. Dokar hukumar kwastan ta 2023 ta tanadi cajin kashi 4 cikin 100 na darajar kayan da aka shigo da su domin gudanar da hukumar da zamanantar da ita. An fara karɓa a watan Fabrairu na 2025, aka dakatar bayan kukan masu masana'antu, aka dawo da shi a watan Agusta, Ministan Kuɗi kuma ya sake ba da umurnin dakatarwa a watan Satumba. Wannan kai-komo ya nuna cewa ba a warware tambayar wanda zai biya ba, kuma ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su shiga maganar da lissafi a hannu, su nemi a nuna musu awoyi nawa da Naira nawa kowane sabon caji ya rage musu.

Saura ƙaramin ɗan kasuwa, wanda shi ne mafi yawa a kan iyaka, mata kuma su ne kaso mai tsoka a cikinsu. SIGMAT an yi shi ne domin kwantena da tirela. Matar da ke ƙetarawa da kwando biyar na kifi, ko mai buhu ashirin na albasa, ba ta da dillalin fito, ba ta da lambar haraji. Abin da doka ta riga ta ba ta, wanda da yawa ba su sani ba, shi ne cewa a ƙarƙashin tsarin cinikin bai-ɗaya na ECOWAS amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa biyan kuɗin fito, ba sa kuma bukatar takardar shaidar asali, sai dai takardar lafiyar tsiro ko ta dabba. Mai masana'anta ne yake bukatar ya yi rajistar kayansa a wurin kwamitin amincewa na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, kafin ya ci moriyar tsarin. A gabashi da kudancin Afirka, ƙungiyar COMESA ta yi wa masu ƙaramin ciniki takarda mai shafi guda domin kayan da ba su wuce dala 2,000 ba, da jami'in taimako a wasu iyakoki, abin da 'yan kasuwar wannan yanki suke da hujjar nema a Seme da Illela.

Harsunan aiki na ECOWAS uku ne, Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal, da su kuma ake rubuta yarjejeniyoyi da allunan sanarwa da shafukan na'urorin kwastan. Cinikin da ake yi a bakin waɗannan alluna, daga Gaya zuwa Seme zuwa zangon Kumasi, da Hausa da Yarbanci da Zabarmanci ake ƙulla yawancinsa.